Ƴan Moto da Ƴan Benci

Ni da ƙanwata ciwo ɗaya ya kama mu, kuma ko a nan ɗin ma sai da ta fi ni sa'a. Ni ya fara kamawa, da kusan shekara biyu. Wata safiya na farka yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, na ce sanyi ne, na tsoma su cikin ruwan ɗumi na ci gaba da harkata. Haka na yi ta fama ban gaya wa kowa ba. Ita kuwa Auta, ranar da wuyan hannunta ya fara kumbura, kafin azahar duk layinmu na Akokan ya ji labari, har mai gyaran rediyo na bakin hanya sai da ya aiko da gaisuwa.

Sana'ata kitso. Tun da maigidana ya ɗauko ni daga Damagaram ya kawo ni Akokan, lokacin yana aikin rami a kamfanin haƙar uraniyom, kawunan matan ma'aikata nake yi. Da aka rufe ramin mutane suka watse, gidaje da yawa suka zama kango, kawunan suka ragu. Amma ɗan abin da ya rage shi ke ɗora tukunya a gidanmu, don tun daga lokacin maigida bai ƙara samun aikin kirki ba. Mai kitso kuwa ba ta da wani jari sai yatsunta goma. Idan suka ƙi, ta tashi aiki ke nan. Da wannan tsoron nake tashi kullum, kuma shi ya sa nake ɓoye hannuna cikin mayafi idan mata suka shigo, kada wata ta gani ta kai kanta wani gida.

Auta ta biyo ni Akokan tana budurwa, ta auri wani mai shagon kayan mota, Allah ya sa gidansu ya kalli namu, ƙofa da ƙofa. Ni ƴar fari ce, kuma a gidanmu ƴar fari ba ta da bakin kuka. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya. In na faɗi na fasa gwiwa sai ta kau da kai ta ce wa kakarmu, “Ga ƴarku can.” Auta kuwa ko sauro ya cije ta sai an goya ta an zaga gida da ita. Na taso ina ganin faɗin ciwo zubar da girma ne. Ita ta taso ba ta san ana riƙe ciwo a ciki ba.

Ita ce ta ja ni zuwa likita, wato asibiti, wai in raka ta. Majo, wato shugaban masu jinya na wurin, wani dogo mai tabarau da ba ya gaggawa, ya gama duba ta sai ya kalli hannuna da ke riƙe da jakarta ya ce, “Mama, ke ma kawo naki.” Ya ce ba sanyi ba ne, amosanin gaɓɓai ne, jiki ne ke cin gaɓoɓinsa da kansa. Ya rubuta mana ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako. Ya kuma faɗi maganar da ta tsaya mini a wuya: in ba a danne ciwon da wuri ba, yatsu kan karkace, kuma wanda ya riga ya karkace ba ya komawa.

Bayan wata kaɗan sai aka tara mu masu irin wannan ciwo, yawancinmu mata, sai wasu tsofaffin ma'aikatan rami. Majo ya ce likitoci na so su gane ko wanda ake bi gida ana duba shi ya fi samun sauƙi a kan wanda ke kawo kansa likita. Moto ɗaya gare su, wato babur, ma'aikaciya ɗaya, ba za ta iya zaga kowa ba, saboda haka za a yi ƙuri'a. Bayan kowane wata uku kuma kowa da kowa zai zo wurinsa, ya danna gaɓoɓi, ya yi tambayoyi, ya rubuta abin da aka gaya masa. Ya ƙara da cewa in babban likitan gaɓɓai ya samu zuwa daga babban birni, da waɗannan takardun zai yi aiki. Na ji wannan maganar da kunnena, ba zan yi wa majo ƙarya ba. Sai dai idona na kan tasar da aka zuba ƴan takardun ƙuri'a.

Ni ce babba, ni na fara sa hannu. Na ɗauko farar takarda. Auta ta sa hannu tana dariya, ko dubawa ba ta yi ba, ta ɗauko koriya. Koriya ita ce a bi ka gida. Saura kaɗan ta yi guɗa a gaban mutane, sai da na taka mata ƙafa.

“Yaya, ko mu yi musaya?” in ji ta muna fita.

“Riƙe abinki,” na ce. “Ni ƙafata lafiya lau.”

Da ma majo ya ce ba a musaya, kuma ta sani. Irin tayin Auta ke nan, sai abin da ba zai yiwu ba.

Daga nan moton ya fara zuwa. Sau biyu a wata, da hantsi, sai in ji kukansa ya karyo kwana, ya zo ya tsaya a inuwar katangar Auta. Ma'aikaciyar, wadda kowa ke ce wa madam, wata gajera ce mai fara'a, ta sauko da jakarta ta shige. Ni kuwa ina zaune a zaurenmu da kan wata a cinyata, ina hango tayar moton ta bakin ƙofa. Awa guda cur take yi a ciki. Na sani, don ina duba agogo. Matan da suka yi rashin sa'a kitsonsu ya faɗo a ranar moto sun sha ja, har wata ta taɓa ce mini, “Haba, yau da wa kike faɗa, da ni ko da gashin?”

Ina jin kishi, ba wani suna da zan ba shi. Ba maganin nake wa ba, iri ɗaya muke sha. Zaman nake wa. A ce wata ta taso takanas, ta cire takalmi, ta zauna a tabarmarka, ta riƙe hannunka tana juya shi tana tambayar inda ke maka ciwo, kuma ta rubuta. Ni a duk rayuwata ba wanda ya taɓa riƙe hannuna haka, sai mai lalle ranar aurena.

Kuma Auta ba ta iya cin abu ta goge baki ba. Moto na tashi za ta tsallako. “Yaya, madam ta ce a daina matse wanki da hannu, a riƙa naɗe shi a jikin ƙarfe.” “Yaya, madam ta ce a riƙa matsa ƙwallon tsumma da safe.” “Yaya, madam ta kira ni a waya ta tuna mini ranar ƙwaya.” Madam ta ce, madam ta ce, har jikata mai shekara uku ta ɗauka waƙa ce. Sau ɗaya Auta ta jawo madam ɗin har zaurenmu, wai ta ɗan duba ni ko a tsaye ne. Matar kirki, ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Mama, ya jiki?” Na ce da sauƙi. Ta ce ko da ba na cikin waɗanda take bi, in akwai abin da ke damuna in faɗa, za ta isar wa majo. Na ce babu komai, na gode, a gai da gida. Hannuna yana cikin mayafi yana zogi kamar an sa shi a wuta.

Mu masu farar takarda kuwa benci ne rabonmu. Mu je tun da safe, mu jera a barandar likita, mu jira a kira mu mu karɓi ƙwaya. A nan na raɗa mana suna: su ƴan moto, mu ƴan benci. Sunan ya bi gari. A bencin na san wata dattijuwar Buzuwa da ke zuwa daga wajen Gugaram. Motar kasuwa take biyowa, ta kwana wurin dangi, ta ga majo, ta koma. Awaki take tatsa, tana kuma ɗinkin fata, ita ma hannunta ne abincinta. Hausarta irin ta mutanen daji ce, “kai” take ce wa kowa, mace ko namiji. Ba ta da yawan magana, amma ta ɗauke ni wata babba, don ni ke karanta mata ranar da aka rubuta a katinta.

Ranar awo na farko, da wata uku ya cika, duk muka haɗu, ƴan moto da ƴan benci. Labule ne kawai tsakanin baranda da teburin majo, ana jin komai. Auta ta riga ni shiga. Majo yana danna gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, daga yatsu zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, gwiwa, ita kuwa tana ta “Wayyo, nan ma! Wayyo, a hankali!” Ya tambaye ta ko tana iya ɗaura zani, ta ce da ƙyar. Ko tana iya buɗe murfin bido, wato jarkar ruwa, ta ce sai an buɗe mata. Ya nuna mata wani layi a takarda, daga ba ciwo zuwa ciwon da ya fi kowane, ta ɗora yatsa can kusa da ƙarshe. Kunya ta kama ni kamar ni na yi. Uwa ɗaya uba ɗaya, tana ihu a gaban namiji.

Ban yi niyyar komai ba a ranar, sai da wata ƴar moto ta yi magana. Matar wani tsohon shugaban ma'aikata ce, har yanzu tana tafiya kamar kamfanin na aiki. Ta dube mu a benci ta ce, “Allah sarki, ku dai sai haƙuri. Ai da ku ake auna mu. In shekara ta cika sai a ga yadda kuka koma, a ga yadda muka koma.”

Ashe abin da aka ajiye ni in yi ke nan, in lalace don a ga kyan Auta? A ɗora hannuna kusa da nata a ce ga bambanci? Na rantse a raina ba za a yi wannan da ni ba. Da na shiga, duk inda majo ya danna na cije na ce babu. Amma kumburi ba ya jin rantsuwa, majo ya lalubo shi da yatsunsa ya rubuta. Na fito ina tunanin yadda zan yi da shi.

Dabarar a wurin masu zuwa kitso na same ta. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ƴan mata ke saye wurin masu tallan magani a kan tire, suna sha don su yi ƙiba kafin biki. Wata da nake wa kitso ta ce kakarta na sha idan gwiwa ta dame ta, kwana biyu kumburi ya sace. Saura kwana uku awo na biyu na aika aka sayo mini. Wallahi kamar an sake mini hannu. Na ƙunsa lalle har wuyan hannu, baƙi wuluk, yadda ko ja ba za a gani ba. Ranar awo ban tafi da safe ba, lokacin da yatsu ke sandarewa. Na jiƙa su a ruwan zafi, na ci ado kamar mai zuwa suna, na isa dab da azahar.

Majo ya danna, ya sake dannawa, ya ɗaga tabarau. “Mama, ina kumburin?”

“Allah ya ɗauke.”

“Da safe minti nawa yatsun ke yi kafin su saki?”

“Kafin in gama alwala.”

Awa biyu suke yi, wani lokacin fiye. Zani kuwa da haƙori da gwiwar hannu nake ɗaura shi. Amma na ɗora yatsa a farkon layin nan, majo ya yi murmushi ya ce a ci gaba da ƙwaya yadda take, ba sai an ƙara ba. Na fito ina taku ɗaiɗai, na wuce ta gaban matar shugaba ina karkaɗa hannu.

Da abin ya tsaya a kaina, da da sauƙi. Amma ni ba na iya cin nasara ni kaɗai, sai na tara jama'a. Ƴan benci suka kewaye ni suna tambaya, na kuwa ba su karatu. Na ce mu ma ƴaƴan mutane ne, ba za mu zo muna kuka gaban majo don a yi mana dariya ba. Na ce mace mai daraja ba ta tallan ciwonta. Na gaya musu ƙwaya, na gaya musu lalle da ruwan zafi da zuwa a makare. Wasu suka yi dariya suka watsar. Wani tsohon ma'aikacin rami ya ce shi ya gaji da yi wa likitoci ƙarya tun zamanin kamfani, lokacin da suke ɓoye tari don kada a sallame su. Amma wasu sun ɗauka. Dattijuwar Gugaram ta kama hannuna ta juya shi ta ce, “Kai, hannunka ya yi kyau. Mi ka sha?” Na kwance bakin mayafina na ba ta sauran ƙwayoyin, na nuna mata da yatsu: kwana uku kafin ranar kati.

Abin da ban gaya musu ba, don ni ma sai daga baya na gani, shi ne idan ƙwayar ta sake ka, ciwon da gayya yake dawowa. Mako guda bayan kowane awo ko mataji ba na iya riƙewa. Na daina karɓar ƙananan kitso, na ce ai ya tsufa, manya ake yayi. Wata amarya ta kawo kai, aikin wuni ɗaya ya ci kwana biyu, daga nan ƙannen amaryar wani gida aka kai su. Ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi suka fara kallon waje, kamar masu fushi da sauran. Ina ganinsu kowace safiya. Na san abin da majo ya ce game da yatsan da ya karkace. Sau nawa na yi niyyar in je in gaya masa gaskiya, sai in ji kukan moto ya karyo kwana, zuciyata ta sake bushewa.

Ita kuwa Auta, da yake komai sai ta faɗa, sau biyu aka gyara mata magani. Kumburinta ya ragu. Ta koma daka, ina jin taɓaryarta daga gidanmu, kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Ranar da ta shigo da zobenta na azurfa a yatsa, wanda ta cire tun farkon ciwo, ta miƙo mini hannu ta ce, “Yaya, kin ga ya shiga!” Na ce zoben ma ya yi baƙi, ki wanke shi. Duk da haka ba ta daina kai ƙara ba. In hannu ya yi sauƙi sai ta nemo diddige, in diddige ya lafa sai wuya, duk kuma madam na rubutawa.

Tun tana yarinya ni ke yi mata kitso, kuma kullum sai ta yi kuka wai ina ja. Wata rana na gama mata, ta shafa kan. Can ta ce, “Yaya, kitsonki ya daina zafi.”

“Tausayinki nake ji, kin girma.”

Ta juyo za ta kalli hannuna, na tura shi ƙarƙashin cinya na ce ta tashi ta ba ni wuri, akwai mai jira. Babu mai jira.

Shekara ta kusa cika sai labari ya zo cewa babban likitan ya iso, kuma kwana biyu kawai zai yi. Duk muka ɗunguma, ƴan moto da ƴan benci, baranda ta cika har ƙasa. Majo ya fito da takarda ya ce lokaci ba zai isa a ga kowa ba, saboda haka likita ya duba takardunmu na shekara ya ware waɗanda ciwonsu bai kwanta ba, su zai gani ya sauya musu magani. Ya fara kira. Ya kira ƴan moto da dama. Ya kira tsohon ma'aikacin rami. Ya kira Auta. Ya naɗe takarda.

Na matsa kusa da shi na ce, “Majo, ban ji nawa ba.”

Ya yi mini fara'a da zuciya ɗaya. “Mama, ke ai sai godiya. Takardarki ta fi ta kowa kyau, har likita sai da ya yi magana. Ki ci gaba da abin da kike sha.”

Ga nasarar da na yi shekara ina nema an miƙo mini a gaban matar shugaba, ga Auta tana ji. Na koma benci na zauna, na rufe hannuna, ina jin yatsun nan biyu suna gogar mayafi. Na dubi waɗanda suka ɗauki karatuna, ba wadda aka kira ko ɗaya. Wasunsu har murna suke yi.

Da layi ya zo kan Auta, ta tashi, ta biyo ta gabana, sai ta cafki wuyan hannuna. A wannan karon ban sha ƙwaya ba, don zuwan likitan ya zo ba shiri. Zafin ya tafi har ƙwaƙwalwata, na kurma “Wayyo Allah!” a gaban kowa da kowa. Ba ta sake ni ba. Ta ja ni ta cikin labule kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Likitan wani mai furfura ne, Hausarsa a hankali. Majo ya ce, “Ita kaɗai aka kira.” Auta ta ce, “Na ba ta rabin lokacina. Ni diddige ne kawai, zai iya jira.” Ta fizge mayafina ta ɗora hannayena a kan tebur. “Likita, yayata ce. Da haƙori take ɗaura zani, na leƙa na gani. Kitso take yi, yanzu ba ta iya ja. Duk abin da ta faɗa muku ƙarya ne, haka take tun muna yara.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita ya ɗauki hannuna na dama ya juya, ya dubi takardata, ya sake duban hannun. Ya tambaye ni abin da nake sha bayan nasu. Na faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini. Ya ce waccan ƙwayar rufe ciwo take yi, a ƙarƙashi yana ci gaba da cin gaɓa, ga ta da illa in an sha ta barkatai. Ya ce da an san gaskiya tun awo na biyu da an ƙara mini magani. Ya taɓa yatsun nan biyu ya ce waɗannan sun tafi, sauran takwas za a yi ƙoƙari a kansu. Ya rubuta sabon magani.

Da likita ya gama, sai majo ya cire tabarau ya riƙe. Mutumin nan shekara guda yana danna gaɓoɓinmu yana rubutawa da hannunsa, layi bayan layi. Ya ce, “Mama, ke kaɗai ce?”

Na ce a'a. Na lissafa masa su.

Ya daɗe yana kallon tarin takardun da ke gabansa. Sannan ya ce zai yi wa duk nasu alama, a san ba abin dogaro ba ne, kuma zai roƙi likita ya ga wanda ya samu gobe da yamma in layi ya ƙare, amma bai yi alkawari ba. Auta ta gyara mini mayafi a kafaɗa. Ko a lokacin, Allah ya gafarta mini, sai da na ji haushinta, don ta yi a minti biyar abin da na kasa a shekara, kuma ko a jikinta.

Na fito da takardar sabon magani a hannu. Dattijuwar Gugaram na nan inda na bar ta, ƙullin kayanta a gefe, don motar kasuwarsu da la'asar take tashi, kuma in ta wuce sai wani mako. Ta dubi takardar, ta dube ni. Na san irin wannan kallon sarai.

Na durƙusa gabanta na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Na ce ta kwana, gobe da yamma wataƙila a gan ta, ta sauka a gidana. Ta girgiza kai. Ta ce awakinta na hannun maƙwabta, sun yi mata kwana biyu, rijiya da nisa, ba za ta ƙara musu mako a kan wataƙila ba. Ta fito da hannayenta daga cikin baƙin mayafinta ta ajiye su a cinya. Lallen da na koya mata yana nan ya fara kodewa, yatsun duka huɗu sun kwanta gefe guda.

“Kai ka ce mu duka mu ce da sauƙi,” in ji ta. “Na ce. Kai kuma ka shiga.”

Na ce ba ni na shiga ba, ja na aka yi, ƙanwata ce ta ja ni.

Ta ɗauki ƙullinta da gwiwar hannu, ta ɗora a ka, ta miƙe.

“Ni ba ni da ƙanwa a nan,” ta ce.